Sandar Baba da Barcin Mai Burodi

Tukunyar gas ce ta haɗa su. Auta ta naɗe ta da tsohon bargo kamar jaririya, tana jan ta sama mataki bayan mataki, tana cije leɓe duk lokacin da ƙarfen ya nemi ya bugi siminti. Da safe ne, amma gumi har ya jiƙa mata mayafi.

Sai ga wani saurayi ya shigo ƙofar gidan, dogo, idanunsa jajur don rashin barci, ga farin gari har a girarsa.

"Sannu da aiki. Kawo in kama miki."

Kafin ta amsa ya saɓa tukunyar a kafaɗa, ya kama hawa da manyan takalmansa, dim, dim.

"Wayyo, don Allah a hankali!" ta faɗa da raɗa. "Yanzu mutumin ƙasa yake kwanciya."

"Wane mutumin ƙasa?"

"Wanda ke ƙarƙashin ɗakinmu. Ban taɓa ganinsa ba, ba na kuma fata. Ina jin wani tsoho ne mai baƙin rai, ko sauro ya yi tari sai ya kira Ejan mai kula da gida. Sau biyu ya kai mu ƙara. Saura ɗaya a watso mana kaya waje."

Saurayin ya tsaya cak. Ya dube ta, ita ma ta dube shi, ta ga ai yana da kyan ido duk da jan da suka yi, sai ta yi sauri ta mai da kallonta kan bargo.

Ya sauke tukunyar a bakin ƙofarsu kamar mai ajiye ƙwai. Tana buɗewa ya ji wani sauti da ya sani sarai: ƙwas, sai wani abu ya ja, sai kuma ƙwas. Wani dattijo ne mai faɗin ƙirji ke tahowa, hannu ɗaya dafe da bango, ɗaya riƙe da sanda mai ƙafa uku. An sa wa kowace ƙafar sandar safa. Ƙafarsa ta hagu kuwa jan ta yake yi.

"Uwata, kin dawo? Wa ya taimake ki? Allah ya yi maka albarka, yaro."

Saurayin ya durƙusa ya gaishe shi. Da dattijon ya juya ciki, sai ya matso kusa da Auta, muryarsa can ƙasa.

"Ni ne tsohon mai baƙin ran."

Ta so ta buga masa ƙofar a fuska, amma a gidan nan ko fushi da lallaɓawa ake yin sa. Ta tura ƙofar a hankali, ta riƙe mariƙin har ya shiga ba ƙara.

Baba direban babbar mota ne a da, mutumin da in ya yi dariya a tasha ana ji daga bakin titi. Shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a ɗakin nan na sama, kuma tun ranar da aka hawo da shi daga asibiti bai ƙara taka ƙasa ba, don matakalar gidan doguwa ce kuma tsaye. Matarsa ta rasu da jimawa, yayyen Auta duk aure ya kai su nesa, sai waya da "Allah ya ƙara sauƙi". Likita ta ce ƙafar za ta dawo in yana takawa kullum, in kuwa ya zauna za ta sandare.

To ina zai taka? Dokar gidan, wadda kowane ɗan haya ya sa wa hannu, ta hana motsi mai ƙara da dare. Da rana ma, maƙwabci ya kai ka ƙara sau uku, ka tattara. Da dare gida na barci, da rana mutumin ƙasa na barci, don shi a gidan burodi yake kwana yana aiki. Ƙarar farko ta sa Auta ta lulluɓe keken ɗinkinta, ta koma ɗinkin duwatsu a mayafai da allura. Ta biyu ta sa ta sa wa sanda safa. Ko cokali ya faɗi a kicin sai gabanta ya faɗi tare da shi.

Abin haushin, ɗakin ƙasan nan ba kowa a cikinsa lokacin da Baba ya kwanta. Ta roƙi Ejan, mai kula da gidan a madadin mai ginin, ya mai da su can. Ejan ya gyara hula, ya shafa tumbi, ya ce ai komai mai sauƙi ne in ana tare, shi ma yana neman mai kula da shi. Ta ce ba ta gane ba. Ya ce za ta gane. Kafin wata ya ƙare ya ba wani ɗakin.

Da yammar ranar tukunyar gas saƙo ya shigo wayarta. A guruf ɗin 'yan haya ya samo lambar.

"Salam. Na ƙasa ne. Wallahi na ɗauka wani ne ke gyaran kujera kullum a kaina, ban san ƙafar mutum ba ce. Ki yafe min. Daga yau Baba ya yi tafiyarsa yadda yake so."

Ta karanta, ta kifa wayar. Ta sake ɗauka ta karanta. Sai washegari ta amsa.

"Kai kuma barcin fa?"

"Na sayi auduga. Kunnuwana biyu ne kawai, ba za ta ƙare ba."

Ba ta yi niyyar murmushi ba, shi ya zo da kansa.

Saurayin ya je wajen Ejan ya ce ya janye ƙararsa. Ejan ya ce abin da ya shiga ya shiga. Sai Mai Burodi ya koma yin abin da zai iya: kowace safiya yana dawowa sai ya hau da burodi mai zafi, ya cire takalmansa tun daga ƙasa. Baba ya ƙwallafa rai a kansa. Yakan zaunar da shi ya ba shi labarin hanya, yadda birki ya taɓa tsinke masa a gangara da kaya cike, yaron na gyangyaɗi yana "ikon Allah". Auta ba ta gaya wa Baba ko wane ne ba. Ta ce wani maƙwabci ne, kuma ai ba ƙarya ta yi ba.

Ita ba ta iya nisa da Baba, don haka duk zancensu a kan matakala ake yin sa, da yamma in zai fita aiki, ita a mataki na sama, shi a na ƙasa, suna raɗa kamar masu shirya sata. Sauran kuma waya ta ɗauka.

"Ta Sama, yau Baba ya kai har taga, na ji shi. Jiya a wajen kujera ya tsaya. Ki ce masa wani yana yi masa tafi."

"Na Ƙasa, ba ka ce ka toshe kunne ba? Ka kwanta mana."

"Na cire. Na saba, in ban ji ku ba barcin ba ya zuwa."

Wata yamma ya tsaya yana murza makullinsa, ya ƙi tafiya.

"In tambaye ki? Me ya sa kike buɗe famfon kicin ya daɗe yana zuba, alhali ba na jin motsin kwanuka?"

Ta sunkuyar da kai. Nan take kukanta, kullum bayan ta kwantar da Baba, ruwa na rufe mata murya. Ba ta taɓa zaton akwai mai ji ba.

"Na gaji ne kawai," ta ce. "Wani lokaci ji nake kamar ɗakin nan matsowa yake yi. Ina son Baba, Allah ya sani. Amma rabon da in yi dariya da ƙarfi har na manta muryata."

"Ina son ki, Ta Sama," ya ce, ba wani kewaye-kewaye. "Tun ranar da kika zage ni."

"Ban zage ka ba. Tsohon na zaga."

Ta gudu ciki a kan yatsun ƙafa, zuciyarta na bugawa har tana tsoron kada a ji ta a ƙasa.

Ana haka Inna, mahaifiyar Mai Burodi, ta zo ganin ɗanta. Mace ce ƙarama mai kaifin baki, wadda ba ta yarda ko ƙuda ya sauka a kan ɗanta ba. Ta tarar da shi ya rame, ya kwanta da filo a kan kai, ga kuma ƙwas, ƙwas daga sama ba ƙaƙƙautawa. Ba ta tashe shi ba. Ta yafa mayafi ta nemi mai kula da gida.

Ejan kamar jira yake. Ya hau sama da sabon turare, ya yi sallama da ƙarfi, shi da doka ba ta hawa kansa.

"Baba, sai haƙuri. Ƙara ta uku ta shigo daga ɗakin ƙasa. Ƙarshen wata za ku ba mu wuri."

"Wai wane ne wannan bawan Allah na ƙasa?" Baba ya tambaya. "Me na tsare masa?"

"Au, ba ku sani ba? Ai mai kawo muku burodi ne. Duk ukun daga ɗakinsa suka fito." Ya juyo wajen Auta yana murmushi. "Amma fa har yanzu ƙofata a buɗe take. In an zama ɗaya, wa zai kori surukinsa?"

Auta ta buɗe masa ƙofa ta tsaya har ya fita.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana kallon ta.

"Kin sani?"

"Na san biyun farko, Baba. Ya ba da haƙuri, ya ce…"

"Yana zaune a nan yana cin labarina, yana sauka yana kai ni ƙara. Ke kuma kina zuba masa shayi." Ya tura sandar ƙarƙashin gado da ƙafarsa mai lafiya. "Na daina. Ba zan ƙara damun kowa ba. Kuma kada in sake ganin ƙafarsa a ɗakin nan."

Ta shiga kicin, ta rubuta wa Mai Burodi saƙo.

"Da ka ce min ka gaji da na fahimta. Ka sa na saki jiki, na ce wa Baba ya taka. Ka samu shirun da kake so. Kada ka ƙara nema na."

Ta kashe wayar. Ranar ko famfon ba ta buɗe ba, don kada ya ji.

Shirun ne ya tashe shi. Ya ga saƙon, ya ji bayanin Inna, ya zauna a bakin katifa ya riƙe kai.

"Inna, kin san abin da kika yi kuwa? Yarinyar da nake so in kawo miki ce."

"Wace? 'Yar masu daka a kan mutane? To ban yarda ba. Na ji labari, uban a kwance yake, ita ke komai. Yarinyar da ke ɗaure da majinyaci ina za ta samu lokacinka? Jinya za ka aura?"

"Ki hau ki gan su, Inna. In kin sauko kin ce a'a, na bari."

Ba ta hau ba. Kwanaki suka wuce, sama shiru kamar ba mutane. Ya ajiye burodi a bakin ƙofa, ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi. Ya tura saƙo ya bayyana komai, bai shiga ba. Yanzu ga shirun ya samu, barci kuma ya ƙaurace masa. A sama Auta na ɗaure kaya a kwali, tana kiran masu gidajen haya, kowa da ya ji akwai marar lafiya sai ya ce an riga an kama. Baba na kwance ya juya wa ɗaki baya, ƙafar kullum ƙara nauyi take yi.

Inna ce ta gaji da ganin ɗanta yana kallon silin. Ta ce bari ta hau ta gaya wa yarinyar nan ta sakar mata ɗa. Ta hau da faɗanta a baki. Auta ta buɗe, ta durƙusa ta gaishe ta da raɗa. Inna ta dubi ɗakin: an ɗaure wa ƙafafun kujeru tsumma, an shimfiɗa barguna a ƙasa duk da zafin da ake yi, ga keken ɗinki a lulluɓe, ga ƙaton mutum kwance yana kallon bango.

"Wannan duk na mene ne?"

"Don kada ɗanki ya tashi, Inna."

"Shi kuma dakan da na ji?"

"Ba daka ba ne. Baba ne ke koyon tafiya."

Inna ta yi jinyar mijinta shekara da shekaru kafin ya rasu, ta san warin man zafi, ta san irin wannan kwanciyar. Faɗan da ta hawo da shi ya bi iska. Ta zauna a kan kwali ba a ce ta zauna ba.

"Malam, ni ce na kai ƙarar nan, ba yaron ba. Yana barci bai sani ba. Bakina ne ya riga idona. Ka yafe min."

Baba bai juyo ba. Auta kuwa ta jingina da bango, hawaye na zuba, wannan karon ba famfo.

Da ta kunna wayar saƙonni suka yi ta shigowa. Na ƙarshen gajere ne.

"Ta Sama, ko ba za ki ƙara kula ni ba, ki sa Baba ya tashi. Kin ji? Shi kawai nake roƙo."

Ta amsa: "Na zalunce ka, Na Ƙasa. Amma ya ƙi tashi, kuma wata ya kusa ƙarewa. Ban san inda za mu ba."

Washegari daga wajen aiki bai dawo gida ba. Ya tambayi tsofaffin 'yan haya har ya gano inda mai ginin take, wata dattijuwa da ba ta ko san fuskokin masu zama a gidanta ba. Ya gaya mata komai, har da maganar da Ejan ke yi wa Auta. Ta kira Ejan a gabansa, ta wanke shi tas, ta ce ita ba ta gina gida don a yi farautar 'ya'yan mutane da shi ba. Ta kuma amince da abin da yaron ya roƙa, in dai dattijon ya yarda.

Nan gizo ke saƙa, don Baba ba ya karɓar alfarma daga wanda ya ɓata masa rai. Mai Burodi ya hau ya durƙusa a bakin ƙofa, bai shiga ba tunda an hana shi.

"Baba, taimako na zo nema."

Ya ci gaba, yana kallon bayan Baba.

"Aikina na dare ne, barcina na rana. Duk wanda aka sa a kaina, ko mage ce, zan ji ta. Ɗakin nan naku shi ne na ƙarshe, ba kowa a samansa sai kwano. In za ku taimaka ku bar min shi, ku karɓi nawa na ƙasa, da kun cece ni. Mai ginin ta yarda, ku kaɗai ake jira."

Baba ya juyo a hankali. Ya kalli yaron sama da ƙasa. Direban da ya yi shekaru yana ciniki da 'yan kamasho ba ya rasa gane dabara, amma ya ga an bar masa girmansa, kuma abin ya taɓa shi.

"Wato barci kake so."

"Shi kawai, Baba."

"Ƙarya kake. Ba shi kawai ba." Ya yi gyaran murya. "To, zan taimake ka. Ɗayan abin kuma da kake so, ka turo manyanka su same ni a ƙasa. Uwata, jawo min sandar nan. Ki cire mata safar, ba sanyi take ji ba."

Maƙwabta maza suka sauko da shi a kan kujera, yana ba su umarni kamar masu sauke kaya a mota. Ɗakin ƙasa ƙofarsa na kallon tsakar gida, ba mataki ko ɗaya. Ƙarƙashinsa kuwa sai ƙasa, ita kuma ba ta kai ƙara. Inna, wadda ta ce ba za a auri jinya ba, ita ce ta riƙa zuwa da man shafawa tana yi wa Auta faɗa cewa ba haka ake murza ƙafa ba.

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Yayyen Auta suka zo da 'ya'yansu, gidan ya cika da hayaniya, ba wanda ya kai ƙara don duk 'yan hayan suna ciki. Wata gwaggonta ta tare a ɗakin Baba na ɗan lokaci. Amarya ta koma ɗakin da ta sani, wanda yanzu ya sha fenti, keken ɗinkinta a buɗe a bakin taga.

Washegari da hantsi ta sauko gaishe da Baba, angon na biye da ita. Gwaggo na wanka, gado ba kowa, sanda ba ta nan. Ta duba kicin, ta duba tsakar gida. Ta ƙwala kira.

"Baba! Baba!"

"Tsaya, masoyiyata," in ji mijinta, ya riƙe hannunta. "Saurara."

Daga waje, can bakin titi, wata irin dariya ke tashi, mai kauri, irin wadda ke sa mai wucewa ya waiwaya. Suka fita. Ga Baba zaune a bencin mai gyaran taya, sanda a jingine, ya tara direbobi yana koya musu yadda ake shiga kwana da kaya. Shi kaɗai ya kai kansa.

Auta ta durƙusa a gabansa a kan titi, ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka da ƙarfi, ba ta damu da wanda ya ji ba.

"To, to, ya isa, amarya ba ta kuka a gaban 'yan taya." Baba ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta, ya ɗaga na hagun da ƙyar, yana rawa, ya ɗora a kan angon. "Uwata, kin zauna da ni lokacin da zama ya yi wuya. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku masu jin ƙanku. Kai kuma ka riƙe min ita da kyau."

"In sha Allahu, Baba."

"Ku tashi ku tafi abinku. Ni ban gama hira ba, in na gama zan dawo da kaina."